An ce ƙanwata tana da ciwon damuwa bayan haihuwa: ta yaya aka gane?

Yayar Mai Jego:

Assalamu alaikum. Don Allah masu ilimin abin ku taimaka mana. Ƙanwata ta haihu yau sati bakwai, haihuwar fari, mace. A gida ta yi wanka, an yi arba'in, har an fara shirin mayar da ita ɗakinta. Tun wajen sati biyu bayan suna muka lura ba ta da walwala. Kuka ba dalili, abinci sai an yi da gaske, barci kuwa ko jaririyar ta yi, ita idonta biyu har asuba. Ranar rigakafin sati shida malamar asibiti ta yi mata tambayoyi goma a takarda, ta ce ta samu 17 cikin 30, ta tura mu wajen likita. Ya daɗe yana magana da ita, ya ce ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, ya rubuta maganin damuwa mai suna sertraline, ya ba da takardar gwajin jini da ba mu yi ba tukuna, ya ce mu dawo bayan sati biyu.

Yanzu gida ya rabu biyu. Hajiyarmu ta ce wahalar jego ce, kowace mace ta sha, zai wuce. Dangin miji sun ce iska ce, a kai ta ruƙiyya. Ita kuma tun da ta ji sunan ciwon take tambayata ko ta haukace ne. Ta yaya tambaya goma za ta nuna ciwo, ba hoto ba gwaji? Maganin ba zai taɓa nono ba? Ta yi hawan jini a wata na takwas, har yanzu tana shan Aldomet, kuma ta zubar da jini sosai wajen haihuwa.

Sista Ungozoma:

Wa alaikumus salam, Yaya. Allah ya raya, ya ba mai jego lafiya.

Maganar Hajiya gaskiya ce, sai dai lissafin kwanaki ya wuce inda take aiki. Abin da iyayenmu suka sani shi ne ƙuncin farkon jego. Da mabiyiya ta faɗo, sinadaran da suka riƙe cikin wata tara suna sauka warwas cikin kwana biyu zuwa uku. Ga nono ya ciko yana zafi, ga ɗinki, ga rashin barci, ga 'yan barka. Sai ki ga mace a rana ta uku ko ta huɗu yanzu tana dariya, an jima tana hawaye don an ce kunu ya huce. Fiye da rabin masu jego suna yin haka. Ba ya son magani, kuma ba ya wuce sati biyu. Na ƙanwarki ya fara ne daidai lokacin da wancan ya kamata ya ƙare, ya kuma shafe wata guda yana ƙaruwa. Wannan wani abu ne daban.

Kuma ba baƙon ciwo ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan 13 cikin 100 na matan da suka haihu suna samun lalurar ƙwaƙwalwa, galibi damuwa, a ƙasashe masu tasowa kuwa adadin ya kusa 20 cikin 100. Ki ƙirga matan da kuka zauna da su a kan benci ranar rigakafi, ki ga nawa ke nan.

Takardar da aka cika mata ana kiranta ma'aunin Edinburgh, an fitar da ita a 1987. Tambaya goma ce, kowace tana da maki daga 0 zuwa 3, kuma kwana bakwai da suka wuce kawai take tambaya a kai. Da gangan ba ta tambayar gajiya ko cin abinci, don babu mai jegon da ba ta gaji ba. Tana tambayar ko mace tana iya dariya kamar da, ko tana ɗokin wani abu, ko tana ɗora wa kanta laifi ba gaira ba dalili, ko gabanta yana faɗuwa, ko abubuwa sun fi ƙarfinta, ko baƙin ciki yana hana ta barci, ko tana kuka. Wadda ta samu 10 zuwa 12 a kan sake auna ta bayan sati biyu. Daga 13 zuwa sama sai ta ga likita. Takardar rariya ce, tana tace wa ya kamata a zauna da ita. Zaman da likita ya yi da ita shi ne inda aka gane ciwon.

Abu ɗaya nake so ki bincika yau: me ta amsa a tambaya ta goma? Ita ce mai tambayar ko tunanin cutar da kanta ya zo mata. Ko maki 1 ta samu a nan, ya fi jimillar muhimmanci. Sau da yawa ana karanta tambayoyin a gaban uwa ko uwar miji, mace ta ce a'a don kunya. Ki keɓe da ita ki tambaye ta kai tsaye. Tambayar ba ta saka wa mutum tunanin, sauƙi ma take kawo wa wadda ta daɗe tana ɓoyewa.

Gwajin jinin kuwa kada ya kwana. Wadda ta zubar da jini haka, ƙarancin jini kaɗai yana iya kawo kasala, bugun zuciya, jiri da saurin fushi. Akwai kuma ƙullin maƙogwaro, inda maƙoƙo yake fitowa, wanda yake rikicewa ga kusan mace 1 cikin 20 bayan haihuwa: da farko zufa, rawar hannu, rama da rashin barci, bayan wasu watanni kuma sanyin jiki, jin sanyi da ƙunci. In kuma nono bai taɓa zuwa sosai ba tun haihuwa, ga jiri ga rashin ƙarfi, ku faɗa wa likita, don zubar jini mai yawa yana iya lalata wani ƙulli a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa wanda yake sarrafa sauran sinadaran jiki.

Sai zuciya, kuma a nan ina roƙonki ki kula. Arewacin Najeriya yana cikin wuraren da ciwon zuciya na bayan haihuwa ya fi yawa a duniya, likitoci a Zariya sun rubuta shi tun shekarun 1970. Mai shi takan ce gabanta na faɗuwa, ba ta iya barci, a ɗauka fargaba ce. Bambancin shi ne haki in ta yi ɗan tafiya, kasa kwanciya a miƙe sai ta jingina da matasai, tari da dare, da kumburin ƙafa. In akwai ko ɗaya, asibiti yau. Kuma mai hawan jini ta bar kunun kanwa, gishirin da ke cikinta yana tara ruwa a jiki yana ƙara wa zuciya nauyi.

Likitan Ƙwaƙwalwa:

Yaya, ki fara da gaya mata ba ta haukace ba, kuma wannan ciwon ba matakin farko na hauka ba ne. Tana sane da kanta, ta san jaririyarta, ta san tana cikin wahala. Ciwo ne mai suna, mai magani, kuma mafi yawan masu shi suna warkewa sarai.

Hoton kai ba ya nuna damuwa. In aka ɗauka za a ga komai daidai, kuɗi ne kawai za su tafi. Ana neman hoto ne idan akwai jijjiga, ciwon kai mai tsanani, ko mutuwar ɓarin jiki. Damuwa da alamu ake gane ta, kuma akwai ƙa'ida. Alamu tara ne: ƙunci, rashin jin daɗin abin da a da ake jin daɗinsa, sauyin cin abinci, lalacewar barci, sanyin jiki ko kasa zama wuri ɗaya, gajiya, ganin kai ba a bakin komai ba ko ɗora wa kai laifi, kasa tattara hankali, da tunanin mutuwa. Sai an samu aƙalla biyar, ɗaya daga cikinsu ƙunci ko rashin jin daɗi, kusan kullum, har tsawon sati biyu, kuma sun hana ta gudanar da rayuwarta.

Gwanintar tana wajen raba alamar ciwo da wahalar jego ta yau da kullum. Ba ma tambayar mai jego ko tana barci, mun san amsar. Muna cewa: in an karɓi yarinyar aka ce ki kwanta, barcin yana zuwa? Gajiyayyiya kafin a rufe ƙofa ta yi nisa. Mai damuwa za ta kwana tana juyi, ko ta farka ƙarfe uku da tunani ya danne mata ƙirji. Abin da kika faɗa na ido biyu har asuba alama ce mai ƙarfi. Matanmu kuma da wuya su ce "ina baƙin ciki". Za su ce kaina ya yi nauyi, zuciyata na zafi, wani abu na yawo a jikina, tunani ya yi mini yawa. Shi ya sa wata sai ta sha maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifot sau uku kafin wani ya tambaye ta halin da zuciyarta take ciki.

Akwai wani tarko da ya shafi ƙanwarki musamman, wato kunyar ɗan fari. A gaban manya ba a son ta riƙa ɗaukar yarinya tana wasa da ita, ko ta kama sunanta. Wannan yana rufe alamar ta fuska biyu: mai lafiya a ɗauka ba ta son 'yarta, marar lafiya kuma a yaba mata kunya alhali a ranta ba ta jin komai game da yarinyar, abin yana cin ta. Ki duba ta lokacin da take ganin ba kowa. Tana kallon fuskar yarinyar in tana ba ta nono? Tana yi mata magana? Ki kai wa likita abin da kika gani.

Akwai tambayar da dole a yi kafin a ba da irin wannan magani, in ba a yi ba ku ku ɗaga ta. Ta taɓa yin kwanaki huɗu ko fiye tana barcin awa biyu ko uku ba ta gaji ba, ga surutu, ga kashe kuɗi, ga jin ta fi kowa? A dangi akwai wanda ya yi haka, ko wadda hankalinta ya taɓu bayan haihuwa? In amsar e ce, yana yiwuwa ciwon mai hawa da sauka ne da ake kira baifola, kuma maganin damuwa shi kaɗai yana iya tunzura shi. Iyalai kan ɓoye wannan tarihin saboda gudun abin faɗa, ɓoyewar kuwa ita ke sa a ba da maganin da bai dace ba.

Yanzu ga wanda ba a jira da shi. Rikicewar hankali bayan haihuwa tana samun mace 1 zuwa 2 cikin 1,000, galibi a sati biyun farko, wani lokaci kafin suna. Mace ta daina barci gaba ɗaya, magana ta yi yawa ko ta ɗauke, ta ruɗe, ta riƙa zargin ana son kashe ta, ta ji muryoyi, ta ce an musanya mata jariri ko jaririn ba mutum ba ne. Yana sauyawa cikin sa'o'i: da safe kamar ba ita ba, da rana ta gaishe ki lafiya lau. Wannan sauyin ne yake sa a ce iska ce ta hau ta sauka, a yi ta jira. Ranar da aka ga haka, ranar ake zuwa asibiti, kuma ba a barin ta ita kaɗai da jariri ko na minti biyar. In da zazzaɓi, ko jini mai wari, ko ciwon kai da dishi-dishin gani, sashen gaggawa na babban asibiti za a nufa, don ruɓewar mahaifa, zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da jijjigar hawan jini duk suna rikita hankali, kuma jijjiga tana iya zuwa bayan an haihu. Da magani wannan ma yana warkewa, sai dai wadda ta yi shi sau ɗaya tana da kusan rabin yiwuwar sake yi a haihuwa ta gaba, don haka ake shirya mata tun tana da ciki. Abin da kika bayyana na ƙanwarki bai yi kama da wannan ba. Na kawo shi ne don ku san iyakar.

Maganar ruƙiyya, ba sai an yi faɗa da dangin miji ba. Karatu da addu'a ba sa karo da magani, mai jinin biƙi ma da ta yi makonni ba ta salla takan ji sanyi in an zauna ana yi mata. Sharuɗɗan su ne: ba duka, ba ɗaurewa, ba shaƙa mata abu a hanci, ba hayaƙi a ɗakin da jaririya take, ba a dakatar da magani, ba a ɗage ranar asibiti. Kuma kada a tara mata jama'a ana cewa wani ne a jikinta. Mace da ta riga ta ɗauka ita ce matsalar gidan, wannan yana ƙara nutsar da ita.

In ana buƙatar ƙwararre, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato, Maiduguri da Dawanau ta Kano, kuma asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika suna da sashen. Amma matsakaiciyar damuwa likitan da ya fara ganin ta yana iya riƙe ta.

Mai Haɗa Magani:

Yaya, layin ƙarshe na tambayarki shi ya fi jan hankalina. Aldomet, wato methyldopa, magani ne mai kyau ga mai ciki, amma sananne ne cewa yana iya jawo damuwa ko ƙara ta, ga kasala da yake sa wa. Saboda haka ƙa'idar ita ce a sauya shi cikin kwana biyu bayan haihuwa. Abin da kan faru shi ne a sallami mace, ba wanda ya ce ta daina, ita kuma ta ci gaba da saye a kemis da tsohon kwali. Kada ta yanke shi da kanta, jini zai iya hawa. Ku je gobe a auna jinin. In ya sauka a tsayar da shi, in bai sauka ba a mayar da ita kan wani, irin nifedipine, amlodipine ko enalapril, duk ana shan su ana shayarwa. Ku tabbatar likitan da ya rubuta sertraline ya san tana shan sa.

Shi sertraline yana cikin waɗanda aka fi zaɓa wa mai shayarwa, don abin da ke shiga nono kaɗan ne ƙwarai, a jinin yawancin jarirai ma da ƙyar ake ganin sa. Ta ci gaba da ba da nono. Abin lura a jikin yarinya: barcin da ya wuce ƙima, rashin kama nono da ƙarfi, ko kukan da ba a saba ba. In bakwaini ce ko tana da wata lalura, likitan yara ya sani.

Ana farawa da miligiram 50 sau ɗaya a rana, wasu likitoci kan fara da 25 na sati guda. Da safe, bayan ta ci wani abu. Ga inda ake faɗuwa: illolinsa suna riga amfaninsa zuwa. A kwana bakwai zuwa goma na farko tana iya jin tashin zuciya, ciki ya ɗan saki, ciwon kai, ko fargabar ta ɗan ƙaru. Sauƙi kuwa sai sati biyu zuwa huɗu. To a rana ta biyar sai gida ya ce maganin bai karɓe ta ba, a ajiye. Ba a yanke hukunci a kansa sai ya yi sati huɗu zuwa shida ana sha kullum, in bai isa ba likita ya ƙara, yana iya kaiwa 200. Wuri na biyu da ake faɗuwa shi ne bayan ta ji sauƙi. Ana ci gaba aƙalla wata shida daga ranar da ta dawo daidai, sannan a riƙa ragewa a hankali cikin makonni. Ba ya sa maye, ba ya kama mutum irin na ƙwaya, amma in aka yanke shi rana ɗaya yana kawo jiri da jin kamar lantarki a kai, ciwon kuma yana iya dawowa.

Kada a haɗa shi da tramadol, haɗin yana iya kawo jijjiga, zazzaɓi da ruɗewa. Ibuprofen da diclofenac suna ƙara yiwuwar zubar jini in aka daɗe ana haɗa su da shi, paracetamol ya fi. Kada kowa ya sayo mata diazepam don ta samu barci: yana taruwa a jikin jariri, kuma uwar da ta sha shi ta kwanta da jaririya a katifa ɗaya tana iya danne ta ba ta sani ba. Jiƙe-jiƙe da tsimin da ake ba mai jego ma a faɗa wa likita. In kuɗi ya sa aka koma amitriptyline, yana aiki kuma yana da araha, amma yawansa yana da haɗari sosai, don haka wani babba ya riƙe, ya riƙa ba ta na kowace rana.

A makonnin farko ku sa ido sosai, musamman in ba ta kai shekara 25 ba, don ƙarfin jiki yakan dawo kafin zuciya ta saki. Ku kwashe fiya-fiya, shinkafar ɓera da tarin magunguna daga inda hannunta zai kai, ba tare da an yi shela ba. In kuma kuka ga ta daina barci amma ga ƙarfi ga surutu, ku koma wajen likita a ranar.

Yayar Mai Jego:

Allah ya saka da alheri. Na tambaye ta, ta ce tunanin kashe kanta bai zo mata ba. Amma ta faɗa mini wani abu tana kuka: wai in za a yi wa yarinyar wanka sai ta riƙa ganin kamar ta sake ta a cikin ruwan, shi ya sa ta daina taɓa baho, ko wuƙa ba ta so ta gani a ɗakin. Ta roƙe ni kada in faɗa wa kowa. Mu raba ta da yarinyar ne?

Likitan Ƙwaƙwalwa:

A'a, Yaya, a kan wannan kaɗai kada ku raba su. Yadda kika kwatanta shi, waswasi ne. Kusan duk sabuwar uwa tana samun hoton wani mugun abu ya sami jaririnta, kuma kusan rabinsu sukan ga kamar su ne suka yi. Yawanci yana wucewa kamar walƙiya. Ga mai damuwa ko fargaba sai ya maƙale, ta ɗauka zuwan tunanin shaida ce cewa ita muguwa ce.

Ki duba yadda take da tunanin. Yana firgita ta, tana ƙin sa, tana kuka, tana guje wa baho da wuƙa don ta kare 'yarta, kuma ta san daga kanta yake fitowa. Masu irin wannan ba a san su da aikatawa ba. Wadda hankalinta ya rikice daban take: ta yarda da abin, tana ganin daidai ne ko umarni aka ba ta, tana iya cewa wata murya ce ta ce ta yi, kuma sau da yawa ba ta cikin tashin hankali a kai. Haka nan in kika ji ta ce gara ita da yarinyar su huta da duniya, wannan ba waswasi ba ne, gaggawa ce.

Likitanta ya kamata ya ji wannan, daga bakinta in zai yiwu, ke kina gefe. Yana da amfani, don waswasi yakan buƙaci magani ya fi yawa kuma ya fi daɗewa kafin ya saki. Ki gaya mata likitoci suna jin irin wannan kullum, ba za a ƙwace mata 'ya ba. Sauran gida ba sai sun ji ba.

Gujewar ita ke ciyar da waswasin. Duk ranar da ta ƙi wankan, zuciyarta tana ƙara yarda cewa da ta yi da wani abu ya faru. Bayan likita ya gan ta ya amince, a bi da ita daki-daki: yau ta zauna kusa kina wankan, gobe ta zuba ruwan, jibi ta riƙe yarinyar hannunki na ƙarƙashin nata, har ta yi da kanta kina tsaye, sannan kina bakin ƙofa. Fargabar za ta tashi, in ta daure mintuna kaɗan za ta sauka da kanta. In tana yawan tambayarki "kin tabbata ba zan yi ba?", ki amsa sau ɗaya da kyau, ki tuna mata cewa waswasin ne ke tambaya. Maimaita tabbacin sau ashirin yana sanyaya ta na ɗan lokaci, ya ƙara wa abin ƙarfi.

Sista Ungozoma:

Saura maganar gida, don magani ba zai yi aikinsa ba in ba ta barci. A nema mata awa huɗu zuwa biyar a jere kowane dare, a wani ɗaki daban. Ta ba da nono wajen ƙarfe tara, ta tatsa a kofi mai murfi da aka wanke da ruwan zafi, ta kwanta. In yarinya ta farka, ke ko Hajiya ku ba ta da ƙaramin kofi. Tataccen nono yana kai awa huɗu a ɗaki, a lokacin zafi kada a wuce haka. Da rana ta fito tsakar gida ta ga haske, ta ɗan taka, ta ci abinci tare da mutane.

Komawa ɗakinta a wannan makon ban ba da shawara ba. Daga gida mai hannu biyar za ta koma inda girki, wanki, raino da miji duk suna kanta, daidai lokacin da maganin bai fara aiki ba. A nemi alfarmar ƙarin sati uku ko huɗu, in ba zai yiwu ba wata babba ta bi ta ta zauna. In kuwa akwai abin da take tsoro a can, duka ko wulaƙanci ko rikicin gida, a tambaye ta a keɓe, don yana cikin manyan abubuwan da ke hana wannan ciwo warkewa.

Mijin ya zo zama na gaba ya ji da kunnensa. Namijin da likita ya yi wa bayani yakan zama shi ke kare ta a wajen danginsa. A wannan zaman a yi maganar tazarar haihuwa, don sabon ciki a kan wannan hali yana mayar da hannun agogo baya, kuma shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a jira aƙalla wata 24 kafin wani cikin. A tambaya kuma ko akwai mai zama da ita ana tattaunawa, don tattaunawar tana aiki tare da maganin sha. Hukumar ta fitar da wani tsari a 2015 wanda ma'aikatan lafiya na unguwa suke koya wa uwa yadda za ta kama mugun tunani ta sauya shi, an fara gwada shi a karkarar Pakistan, kuma binciken da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a jihar Oyo ya nuna malaman ƙananan asibitoci suna iya kula da wannan ciwo.

A daina ce mata ta gode wa Allah wasu nema suke ba su samu ba. Ta sani, kuma shi ne abin da take dukan kanta da shi dare da rana. Ku za ku riga ta ganin sauƙi: barci ya fara daidaita, ta cinye abin da aka zuba mata, ta yi kwalliya ba a ce ta yi ba. A sake cika takardar nan ranar rigakafin sati 10 da na sati 14 a ga ko makin yana sauka.

Gobe in za ku asibiti, ki zuba duk abin da take sha a leda ɗaya, har na gargajiya, ki ɗauki katin awonta da takardar sallama, ki rubuta awa nawa ta yi barci a kwana ukun nan. A auna hawan jini da yawan jini kafin ku shiga wajen likita, ku shiga da sakamakon a hannu.